Mai Gwajin Ido da Kwat Ɗinsa

Hankici biyu, burodi rabi, turaren hammata na feshi, da takardar da shugabar asibiti ta ba shi jiya. Abin da ke cikin jakarsa ke nan. Bas ta cika maƙil, amma matar da ke kusa da shi ta juya fuskarta wajen taga tun daga tasha.

Takardar gajera ce. Daga Litinin zai bar ɗakin gwajin ido ya koma ɗakin fayil, domin marasa lafiya sun fi son abokin aikinsa. Shekara bakwai ya yi yana karatu a ƙasar sanyi, ga shi wata huɗu da dawowa za a haɗa shi da takardu. Shi dai ya ɗora laifin a kan Hausarsa da ta yi tsatsa. A ofis Bature suke kiransa, kuma shi kaɗai yake cin abincin rana.

Da ya sauka, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya tsaya bayan ginin asibiti kamar kullum, ya buɗe kwat, ya fesa turare a kan rigar, dama da hagu, ya mayar da maɓalli.

Sai wajen sha ɗaya aka turo masa mutum, wata tsohuwa mai yanar ido, saboda layin abokin aikinsa ya kai baranda. Ya sunkuya kanta da fitila. Ta ja hanci.

"Kai, mijina," ta ce, "haka kishiyata ta bar ka ka fito?"

"Ba ni da mata, Kaka. Kalli sama."

"Ai hancina ya gaya mini. Uwa fa?"

"Ta rasu ina can ƙasar sanyi ina karatu."

Sai tsohuwar ta lalubo hannun kwat ɗinsa, ta murza yadin tsakanin yatsunta.

"Shekara talatin ina wa mutane wanki. Ɗan nan, kana wari. Kada ka ji haushi, ni ba ganinka nake ba balle in ji kunyarka."

Fitilar ta tsaya a hannunsa.

"Ina sa turare," ya ce. "Sau biyar a rana."

"A kan gumi! Shi ya sa abin ya zama biyu. A can da ka zauna ana zufa ne? Nan sai ka yi wanka, ka goge hammata ta bushe ƙarau, sannan ka sa a fata, ba a riga ba. Ka tsaya ya sha iska. Wannan bargon kuwa, yaushe rabonsa da ruwa?"

A can, sau biyu a shekara yake kai shi wanki.

"Ba wanda ya faɗa maka?"

"Babu."

"To. Duba mini idon, kada in makance a banza."

Ya duba ta a tsanake, ya rubuta mata ranar da za a yi mata aikin ido, ya raka ta har baranda. Daga nan ya shiga banɗaki, ya tuɓe kwat da riga, ya wanke hammatarsa da sabulun hannu, ya goge, ya tsaya hannuwa a sama kamar wanda aka kama. Ya lissafa fuskokin ofis ɗaya bayan ɗaya. Mutum goma sha huɗu, kowa yana gaishe shi da safe.

Rigar asibiti wankakkiya ya ɗauko daga kabad ya sa. Ya ƙwanƙwasa ofishin shugaba.

"Shigo," ta ce, ba ta ɗago ba. Da ta ga shi ne, ta ƙara, "Bar ƙofar a buɗe, a sami iska."

Ya mayar da ƙofar ya rufe.

"Na san dalili yanzu, ranki ya daɗe. Ba zan koma ɗakin fayil ba. Ki ba ni mako guda."