Irin Ugu a Gorar Inna

Ni da an tambaye ni, da na ce a bar wa matar nan ɗan lungunta. Amma wa yake tambayar mai daddawa? Sunana Tabawa, a Fagge aka haife ni, a Kasuwar Sabon Gari kuma na tsufa, rumfata jikin ta Veronica mai manja. Maman Uchechi kowa yake ce mata, duk da Uchechin ta daɗe a ƙasa.

Tun kafin yaƙin basasa muke maƙwabtaka a kasuwa. Da gari ya rikice ta gudu garinsu can Kudu da miji da 'ya'ya biyu. Da aka gama ta dawo da ɗa ɗaya, Ambrose, da wata ƙatuwar aba mai kama da kabewa, sai dai jikinta tudu-tudu ne. A cinyarta ta riƙo ta a bayan babbar mota tun daga can har Kano.

Na ce, “Ke kuwa Maman Uchechi! Mutane na dawowa da akwati, ke kabewa kika ɗauko? Ta ƙare a Kano ne?”

Ta ce, “Ba kabewa ba ce. Ugu ne.”

Sai daga baya ta ba ni labarinsa. Ugu ganyen miyarsu ne, yana yaɗo ya hau rumfa, irinsa kuma a cikin wannan ƙaton ɗan yake. Nata daga bayan ɗakin mahaifiyarta ya fito. Lokacin yunwar yaƙi ganyensa suka yi ta ci, shi ne abu na ƙarshe da Uchechi ta iya haɗiyewa, kuma a gindinsa aka rufe ta. Gidan ya ƙone, uwar ta rasu, dangi sun gine filin. Duk duniya abin da ya rage mata na can ke nan.

A gidan da take haya a Sabon Gari akwai wani lungu tsakanin banɗaki da katanga, da ƙyar zai ɗauki tabarma. Nan ta shuka. Kowa ya ce ugu ba ya yi a Kano, rana za ta cinye shi, ita kuwa ta yi kunnen uwar shegu da su. Da damina ya hau rumfar karan da ta kafa masa ya rufe ta ruf. Da kaka sai ta daina tsinka, don ya samu ƙarfin yin 'ya'ya. Da sanyi ta kewaye shi da tsofaffin buhuna. Da rani kuwa ko ruwan wankin shinkafa ba ta zubarwa, in famfo ya ɗauke ta gwammace ta kwana ba wanka. Kowace shekara takan samu ɗa ɗaya ko biyu, ta ajiye, ruwa na sauka ta fasa ta sake shukawa. Na ci miyarsa ba sau ɗaya ba. Ba laifi, amma ban ga inda ya fi kuka ba, kuma na gaya mata a gaban idonta.

Sai kuɗin fetur ya shigo gari, mutane suka zauce. Duk wanda yake da taku biyu na fili sai ya ga shago a wurin. Mai gidan hayarsu, Alhaji Raji, ba mugun mutum ba ne, amma shi ma cutar ta kama shi. Ana cikin kaka ya zo da magina da bulo.

Veronica ta durƙusa ta roƙe shi. Ya ce, “Haba Madam, a kan ganye? Ga shi can motocin Kudu na saukewa a kasuwa kullum.”

Ambrose ma, wanda ya samu aikin kamfani ya sayi babur yana jin kansa, ya ce, “Mama, wa yake noma yanzu? Shinkafa ma jirgi ke kawowa.” Wallahi ranar da ɗana ne da na kwaɗa masa ludayi. Na ce, “Kai dai rufe mana baki, ɗan zamani.”

Abin da ta samu shi ne a ɗaga mata ƙafa har ɗa guda da ya fito a shekarar ya ƙosa. Ta yanke shi da yamma, gari na wayewa aka zuba kankare a kan saiwar.

Ni na ce ta kawo shi gidanmu a Fagge. Muna da tsakar gida, muna kuma da Inna, mahaifiyata. Idonta ya yi rauni, amma a hannunta ko tsinke ta soka a ƙasa sai ya yi ganye. Yakuwa, kuɓewa, alayyafo, barkono, ba mu taɓa sayen kayan miya da damina ba. Duk unguwa wajenta ake zuwa neman iri. Ɗakinta goruna ne a rataye, kowace da irinta a cikin toka.

Inna ba ta iya faɗin sunan Veronica. Ta ce, “Baranika, ga wuri nan gefen rijiya, naki ne. Yanzu rijiyar ta ja baya, amma ruwa na sauka mu shuka.”

Veronica ta kwantar da ɗan ugun a kan yashi mai laima, jikin randar ɗakin Inna. Ta ce, “Inna, a bar shi nan a inuwa har damina.”

Inna ta ce, “Ke yarinya, ni za ki koya wa ajiyar iri?” Muka yi dariya mu duka.

Tun daga nan kowace Lahadi, in ta taso daga coci, sai ta biyo. Ta gaishe da Inna, ta shiga ta shafa shi, ta juya shi, ta yayyafa wa yashin ruwa. Haka aka ci sanyi, aka shiga rani.

Bazarar shekarar ba ta da imani. Zafi ne irin wanda ko a inuwa mutum ke dahuwa. Ana cikin haka Ambrose ya faɗi da babur ɗinsa a wajen Bata, ƙafa ta karye, aka kwantar da shi a asibiti. Veronica ta tare can tana jinya. Ni kuma na haɗa rumfa biyu ina tsaro, in fita da sassafe sai magariba.

A kwanakin nan ne gindin ɗan ugun ya fara laushi yana wari. Inna ta ji da hancinta, ta taɓa da hannu, hankalinta ya tashi, don ta san amana ce. Sai ta yi abin da duk wani mai hankali a ƙasar Kano zai yi in ya ga iri zai lalace. Ta fasa shi, ta tsince 'ya'yan ɗaya-ɗaya, ta wanke, ta baza a faifai a tsakiyar ranar nan. Tsohuwar da ke tafiya da sanda, ita ce zaune kan faifai tana korar kaji har suka bushe ƙayau. Ta tankaɗe toka mai laushi, ta zazzage irin kuɓewarta daga gorar da ta fi so, ta zuba 'ya'yan ugun a ciki. Ko da na lura gefen randa ba komai, an gama. Ta nuna min, na ce madalla, sannu da aiki.

Ranar da aka sallami Ambrose, Veronica ko gida ba ta tsaya ba ta taho. Inna ta tare ta da murna.

“Baranika, zo ki ga abin da na tsamo miki! Saura ƙiris ya ruɓe. Ko guda bai salwanta ba.”

Ta ɗaga gorar ta girgiza. Suka yi ƙara, kacau-kacau, kamar tsakuwa a gwangwani.

Ina kallon fuskar Veronica. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a tsaye ba sai ranar. Sai ta durƙusa har ƙasa ta karɓa da hannu biyu. Ta ce, “Na gode, Inna. Allah ya saka da alheri.”

Na raka ta. Muna shiga zaure ta jingina da bango.

Na ce, “Lafiya?”

Ta ce, “Sun mutu, Tabawa. Irin ugu ba ya shan rana. Ya bushe, shi ke nan. Shi ya sa muke barinsa a cikin uwarsa. Ko ruɓewa ta yi, a ciki suke tsirowa.”

“Innalillahi! To ke me ya hana ki faɗa?”

“A garinmu ko yaron goye ya sani. Ban taɓa zaton abin faɗa ba ne.” Ta share ido da bakin zane. “Kada ki gaya wa Inna.”

Na rasa wanda zan ji haushi. Inna ta yi daidai da saninta, Veronica ma haka. Sai na huce a kan Alhaji Raji da shagonsa, na yi ta zaginsa a raina har na gaji.

Ruwa ya sauka, muka shuka duk da haka, ko Allah zai sa guda ya yi gardama. Kuɓewar Inna ta tsiro, yakuwa ta tsiro, har ciyawar da ba wanda ya gayyace ta. Gefen rijiya kuwa shiru. Wata Lahadi Veronica ta tona rami ɗaya da yatsa, ta ciro ƙwaya, ta murza. Ta marmashe baƙa ƙirin, ba komai a ciki. Ta mayar ta rufe, ta daddanna ƙasar da tafin hannu a hankali, ta daɗe ba ta ɗaga hannun ba.

Inna kuma ta fara ramewa. Kullum da safe sai ta lallaɓa ta shafa wurin. Tuwo ma ta rage ci. Ta ce min, “Tabawa, ko dai ni na yi wani abu? Iri bai taɓa ƙi na ba.” Na ce ƙasar ce ba ta karɓe shi ba tukuna. Da Veronica ta zo na gaya mata tsohuwar nan fa za ta kwanta.

Ranar da Inna ta tafi suna Kwaciri, sai ga Veronica da wani abu ƙulle a ganye. Ta sayi ɗan ugu a wajen masu motocin Kudu, wanda ba ta san ko daga wace gona ya fito ba, ta fasa a gida. Ta binne jiƙaƙƙun 'ya'yan a ramukan nan, ta wanke hannu, ko ruwa ba ta sha ba ta tafi.

Ba a daɗe ba suka huda ƙasa. Inna ta shafa ta ji su, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Don baƙin ciki ma, abin ya yi kyau fiye da wanda Veronica ta sha wahala a kai. Ya hau rumfa, ya tsallaka katanga. Inna ta koyi miyarsa, duk baƙon da ya shigo sai ya ji labarin yadda ta ceci irin Baranika. Veronica tana zuwa kowace Lahadi kamar da, ta zauna ta ci abin da aka zuba mata. Amma ko sau ɗaya ban ga ta je gefen rijiyar ba, kuma ganye ɗaya ba ta taɓa tsinka ba.

Da kaka ya yi 'ya'ya manya-manya. Inna ta sa aka sauko da wanda ya fi girma, ta rungume shi a cinya tana bubbugawa.

Ta ce, “Baranika, kin ga na 'yarki bai ɓata ba. Bana ba sai mun jira ya fara wari ba. Gobe in rana ta buɗe zan fasa in shanya miki, in zuba a gora.”

Na buɗe baki zan yi magana, Veronica ta dafa gwiwata.

Ta ce, “To, Inna. Ki shanya.”