Kamfas ɗin Kawu Gajere

Kawu Gajere, ƙanin mahaifiyata, ya dawo daga hajji da kamfas a cikin 'yar jakar fata. Tun daga nan ba a kafa masallaci ko a haƙa kabari a Kaikai sai an kira shi. Ya ɗora a tafin hannu, ya jira allurar ta tsaya, ya ja layi da sandarsa. Kowa ya san gabas, amma alƙibla ta ɗan karkata arewa, kuma wannan 'yar karkatar ita ce duk martabar Kawu.

Ni kuwa lokacin sabon malamin makaranta ne a Kankiya, boko ya cika min kai, baki ba linzami. Ranar da za a fara masallacin unguwarmu a Kaikai, dattawa sun kewaye Kawu, ba mai kallona. Sai na ce, "Kawu, ka san wata rana allurar nan juyawa za ta yi?"

Na zuba musu karatu. Can tsakiyar ƙasa narkakken ƙarfe ne ke ta juyawa kamar kunu a tukunya, shi ke haifar da maganaɗisun da ke jan allurar. In juyin ya rikice, sai arewar kamfas ta koma kudu. Ya sha faruwa, duwatsu sun riƙe shaida. Duk gaskiya na faɗa. Abin da na haɗiye, don kada labarin ya rasa armashi, shi ne rabon da hakan ta faru ya fi shekara dubu ɗari bakwai.

Wani dattijo ya yi dariya ya ce, "Ashe abin ga ba shi da tabbas." Kawu ya mayar da kamfas jaka.

Da aka watse ya jawo ni gefe. "Mannir, hwaɗa mani gaskiya. Da shi na daidaita ma Rahamatu kabari. Ko lokacin ya riga ya juye?" Rahamatu matarsa ce, shekara biyu da rasuwa.

Na ce, "Kawu, wa ya sani?" Wallahi har da murmushi na faɗa, ina jin daɗin yau ni ake tambaya.

Bai sake ja wa kowa layi ba. Aka ce kullum bayan la'asar yana maƙabarta, tsaye a kan kabarinta, yana auna rana da ido. Na ce in an yi hutu zan zaunar da shi in warware masa. Hutu ya zo, na wuce Katsina duba takardun jarrabawa. Kafin hutu na gaba aka aiko ya rasu.

Za mu fita da gawa, 'yarsa Hassana ta miƙo min jakar. "Ya ce a ba ka. Wai kai ka san inda allurar ta nuhwa."

Na durƙusa gefen kabarin Rahamatu, na ɗora kamfas a tafina. Allurar ta yi rawa ta tsaya, daidai da layin da ya ja mata, ko kaɗan bai kauce ba. Maganar minti biyu ce, na bar tsoho ya mutu da ita a rai. Na ari sanda na ja masa nasa layin kusa da nata.