Masu Tura Ƙofa

Duk wanda ya shiga Ma'aikatar Ƙwadago, abin da zai fara cin karo da shi wata ƙofa ce da ba ta kai mutum ko'ina. Ta ƙarfe ce, baƙa ƙirin, wuta ta lanƙwasa ta daga sama, an jingine ta a bangon zaure da sarƙarta da kwaɗonta. Masinjoji kan rataye lema a jikinta idan ana ruwa. Auta kuwa, tun da aka ɗauke ta aiki a sashen duba masana'antu, ba ta taɓa wuce ta ba tare da ta waiwaya ta dube ta ba.

Kawu ne ya ba ta labarinta. Shi ne babban sufeto, dattijo mai ciwon gwiwa, wanda kowa a ginin yake kira Kawu, har waɗanda suka girme shi.

"Kin ga ginin nan mai hawa-hawa? Da ɗaki ɗaya ne da tebur ɗaya," in ji shi. "Aikinsa rubuta sunayen leburori a tura su shimfiɗa layin dogo. Ba don ma'aikaci aka kafa mu ba, 'yata, don a samo ma'aikaci aka kafa mu. Sai wata shekara masu dako suka ajiye kaya suka naɗe hannu, aka rasa mai shiga tsakani, shi ne aka buɗe ɗakin sasanci a sama. Daga baya aka yi ofishin masu neman aiki, aka yi na diyyar wanda inji ya ci wa hannu. Kowane ɗaki da kika gani a nan, sai da wani ya yi kuka kafin a buɗe shi."

"Mu fa, Kawu?"

"Mu wuta ce ta haife mu." Ya nuna baƙar ƙofar da sandarsa. "Masana'antar ashana ce. Jami'i ya je a satin da wutar ta tashi, ya tambayi manaja ko ƙofofi suna buɗewa, aka ce masa suna buɗewa. Ya sha shayinsa ya sa hannu. A bayan wannan ƙofar aka tarar da gawarwakin ma'aikatan, a tare wuri ɗaya. Tun daga ranar sufeto ba ya tambayar ƙofa, tura ta yake yi da hannunsa. Kuma sabon shiga ne yake turawa, don hannunsa ya koyi turawa kafin ya koyi karɓa."

Ba a rubuta wannan a kowace doka ba, amma har a masana'antu sunan da ake kiransu da shi ke nan, masu tura ƙofa.

Wata safiya Kawu ya leƙo ofishinta ya ce ta ɗauko hular kwano, za su masaƙar bakin gada.

"Kawu, akwai magana. Wanda zan aura a can yake aiki. Shi ne shugaban zauren saƙa."

"Dogon nan da yake tsayuwa a bakin titi kamar turken lantarki?"

"Shi."

"Na ji, kuma kin kyauta da kika faɗa. Amma abokin aikinki yana kwance da zazzaɓi, ni kuma gwiwata ba ta tura ko labule. Ni zan rubuta, ni zan sa hannu. Ke ƙofa kawai za ki tura. Ko hannun ma an riga an ba Dogo?"

Ta yi dariya don kada ya ga tsoronta.

Masaƙar nan ba baƙuwarta ba ce. Babanta a can ya ƙare ƙuruciyarsa, ya fito da tari da kunnen da ba ya jin sallama sai an taɓa kafaɗarsa. A zauren saƙa ƙarar injina ba ta barin murya ta yi tafiya, don haka masaƙa da leɓe suke magana. Mutum yana wannan ƙarshen zai ba na wancan ƙarshen labari cikakke, har da tsegumi, ba tare da sauti ya fita ba. Da wannan yaren Auta ta tashi a gida. Da shi kuma Dogo ya fara gaya mata yana sonta, daga tsallaken titi, motoci suna gilmawa a tsakaninsu. Kalmomin suna zuwa mata guntu-guntu, tana haɗa su kamar mai tsintar duwatsun sarƙar da ta tsinke. Bai daɗe da samun shugabancin zauren ba. Da ƙarin girman ne ya kama ɗaki biyu, ya shafe su da shuɗin fenti da hannunsa saboda ta taɓa cewa tana son shuɗi.

Manaja ya tarbe su da fara'a da lemo mai sanyi.

"Ranka ya daɗe, ai da an sanar da mu da mun shirya."

"Ai na ga ba ku shirya ba," in ji Kawu, yana kallon tukwanen kashe gobara da jan fentinsu bai gama bushewa ba.

Suka zaga ɗakin rini, suka zaga sito. Auta tana tura ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, kowace tana buɗewa, kowace tana sauke mata wani nauyi. Sannan suka shiga zauren saƙa, ƙara ta rufe su kamar ruwa. Burbuɗin auduga yana yawo a cikin hasken da ke saukowa daga rufi, yana sauka a gira da gashin ido. Kowane masaƙi da sabon abin toshe kunne, wasu ma a juye suka sa. Can a tsakiya Dogo yake tsaye, ya fi kowa tsawo, bai dube ta ba.

Ta tura ƙofar yamma, ta buɗe. Ta juyo ke nan idonta ya faɗa kan wasu mata biyu a layin ƙarshe. Ɗaya tana ƙulla zaren da ya tsinke, leɓenta yana motsi.

"Dubi 'yar gwamnati da hular kwano. Sai ka ce tukunya a kan muciya."

"Bar ta ta wuce. In ta ga ƙofar gabas mun shiga uku."

"Ina za ta gani? An jera diloli a gabanta tun asuba."

Ba su san tana ji ba. Masu hular kwano ba sa jin maganar leɓe, kowa ya san haka. Auta ta dubi bangon gabas. Dilolin yadi ne jere har sun kusa taɓa rufi, tsaf-tsaf, kamar a nan aka halicce su. Kawu yana can gaba, manaja yana yi masa ihu a kunne yana nuna masa sababbin fitilu. Da ta bi bayansu, babu wanda zai ce ta ga wani abu.

Sai ta ji ana kallonta. Dogo ne. Shi kaɗai a zauren ya san abin da idonta yake iyawa, kuma ya ga inda idon ya tsaya. Leɓensa ya motsa a hankali, yadda ya motsa a tsallaken titi.

"Auta. Don Allah wuce."

"Me ke bayansu?"

"Sarƙa. Ana satar yadi ta nan, aka ce in kulle. Gobe zan cire, na rantse."

"In ka cire gobe, jibi fa?"

Ya ce, "Ni za su ɗora wa. Kin san ni za su ɗora wa."

Ta sani. Ta ga shuɗin ɗakin nan a idonta, da tagar da ya ce za ta riƙa ajiye littattafanta a kai. Ta ga kuma matan biyu, da tazarar da ke tsakaninsu da ƙofar yamma, da audugar da ke yawo a iska tana jiran ƙyastawar ashana ɗaya. Da da murya ake maganar, da ba ta iya ba.

"Ka yafe mini," in ji leɓenta.

Ta taka har gaban dilolin ta tsaya, ta ɗaga hannu. Kawu ya juyo. Ya dubi bangon, ya dube ta, ya tako da sandarsa a hankali. Manaja ya biyo shi yana cewa wannan bango ne kawai, ranka ya daɗe, kaya ne aka rasa inda za a ajiye. Kawu ya yi nuni a kashe injina.

Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar nauyi.

"A janye mana waɗannan," in ji Kawu.

Babu wanda ya motsa. Masaƙa suka sunkuyar da kai, kowa yana lissafin abin da rufe zaure zai jawo masa. Auta ta kama igiyar dila ɗaya ta ja, ko gezau. Ta sake ja har igiyar ta shiga tafinta. Sai wata inuwa ta rufe ta. Dogo ya sa kafaɗa ya ture dilar gefe, ya ɗauke ta biyu, ya ɗauke ta uku, fuskarsa kamar an sassaƙa ta da dutse. Ƙofar ta bayyana, da sarƙa a naɗe a hannunta.

Kowa ya ga sarƙar. Amma sufeto ba ya tambayar ƙofa. Auta ta ɗora tafinta a kan ƙarfen ta tura. Sarƙar ta yi ƙara, ƙofar ta tsaya inda take.

Kawu ya rufe zauren har sai an yanke sarƙa an kuma sa ƙofar da ake buɗewa daga ciki. Kafin mako ya zagayo an yi, injina suka tashi. A makon ne kuma aka sallami Dogo, wai shi ya kulle ƙofa ba da sanin hukumar masaƙa ba.

Bai zo gidansu ba, bai ɗaga waya ba. Auta takan zauna a tsakar gida da littafi a cinya, shafi ɗaya tun la'asar har hasken ya ƙare. Wata yamma Baba ya jawo kujerarsa kusa da ita, ya taɓa hannunta don ta dube shi.

"Autata, wace ƙofa ce?"

"Ta gabas, Baba."

Ya daɗe yana gyaɗa kai. "Tun muna samari ake kulle ta. Mu ma mukan taya su jera dilolin, har muna dariya." Ya yi tari, ya share baki. "Ki bar yaron ya yi fushinsa. Fushin wanda ya ɗauke dila da kafaɗarsa ba ya nisa."

"In ya yi nisa fa?"

"To, sai ki yi kuka, mu taya ki. Amma ci abinci tukuna."

Da ta gaya wa Kawu zancen sallamar, bai yi mamaki ba. Ya ce, "An saba. Mu mu tura ƙofa, su su tura ƙaramin ma'aikaci. Don haka aka yi ɗakin sama. Ni zan ba da shaidar abin da na gani, har da wanda ya janye kayan. Ke kuwa ko kusa da ɗakin kada in gan ki. Sai dai fa sai ya kawo ƙara da ƙafarsa, ba a kai wa mutum sasanci gida."

"Ba zai zo ba, Kawu. Yanzu ko sunan ma'aikatar nan ba ya son ji."

"Ai ba sai yana sonmu ba. Masu dakon da aka buɗe ɗakin dominsu jifanmu suka fara yi."

Ranar da ya zo, zauren ƙasa cike yake da masu neman aiki, hayaniya kamar kasuwa. Auta tana saukowa da fayiloli a ƙirji ta hango kansa sama da na kowa. Yana tsaye gaban baƙar ƙofar. Ya rame. A bayansa ga matan nan biyu na layin ƙarshe, sun yi kwalliyar fita, suna riƙe da jakunkunansu da hannu bibbiyu kamar za a ƙwace. Ya daɗe yana kallon sarƙar da wuta ta narkar, sannan ya ɗaga ido ya gan ta a kan matakala.

Mutane suna gilmawa a tsakaninsu.

"Ina ne ɗakin sasancin?" in ji leɓensa.

"Sama, hannun dama. Su fa?"

"Shaidu. Suna wurin lokacin da aka ba ni kwaɗon."

Ɗaya daga cikin matan ta bi idonsa, ta ga leɓen Auta yana motsi, ta dafe ƙirji ta zunguri 'yar'uwarta. "Ke, ashe tana ji. Har da zancen muciyar."

Dariya ta kusa kuɓuce wa Auta, hawaye suka riga ta. Dogo bai yi murmushi ba.

"Har yanzu ina fushi," in ji shi.

"Na sani."

"Ban san ko za su mayar da ni ba. Mai gidan hayar ma ya fara zancen kuɗin ɗakunan."

"Na sani."

Ya gyara wuyan rigarsa, ya nufi matakalar da matan a bayansa. Ta matsa jikin bango ta ba su hanya, don Kawu ya ce ko kusa. Da ya zo daidai da ita bai tsaya ba, sai dai ya yi magana da murya, ƙasa-ƙasa, yadda ita kaɗai za ta ji.

"Ki ce wa Baba ina nan tafe da yamma."