Matan da Aka Bari a Edo

Abdussalam ya je Kano duba mahaifiyarsa, korona ta rufe iyaka a bayansa. Aka bar matarsa Khaulah a unguwar Sri Petaling, can ƙasar da yake karatu, ita da 'yarsu Afnan mai shekara shida.

Khaulah ce mai bin layin kedai, wato kanti, da takunkumi a fuska, ita ce girki, ita ce zaman daɓaro gefen yarinya lokacin karatu ta kwamfuta. Ladanta? "Mummy, not this one lah." Amma da la'asar ta yi, wayar Abba ta shigo, sai ka ga Afnan ta watsar da cokali ta ruga, Hausa na zuba daga bakinta kamar ba ita ba.

Shi kuwa gogan, digirinsa a kan tarihin Japan yake yi, zamanin da sojoji ke riƙe da ƙasar. Cikin labaran da yake ba yarinyar a waya, wanda ta fi so shi ne na hakimai. Shugaban sojan ya ɗora musu doka: shekara guda a birninsa Edo, shekara guda a garuruwansu, matansu da 'ya'yansu kuwa suna Edo daram, don kada wani ya yi tunanin tawaye. In babban hakimi ya taso da ayarinsa, talakawa sai su zube bakin hanya, goshi a ƙasa, har ya wuce.

Khaulah na jin su daga kicin, kishi na cin ta. E, kishi, da mijinta, a kan 'yar da ta haifa.

Rannan ta leƙo cikin wayar. "Abban Afnan, su matan da aka bari fa, me suke yi?"

Ya yi dariya. "Wallahi littattafan da na karanta ba su faɗi da yawa ba."

"Ai dama."

Da yamma tana yi wa Afnan kitso, yarinyar ta ce, "Abba ne hakimi, ko?"

"Shi ne mana," in ji Khaulah, tana jan gashin fiye da kima. "Hakimi zuwa yake ya wuce. Mu ne ake bari. Ki riƙe wannan."

Ta faɗa, ta ji sanyi a ranta, ta manta.

Da aka buɗe wa ɗalibai hanya, Abdussalam ya dawo, ya gama zaman killacewa a otal, ya iso gida a rame. Ya ajiye jaka a bakin ƙofa, ya durƙusa, ya ware hannuwa.

"Afnan! Zo mana!"

Afnan ta tako a hankali. Sai ta zube, ta kafa goshi a kan tayil. Ya yi dariya, a zatonsa wasa ne. Bai daina dariyar ba sai da ya ga ta ƙi ɗagowa.

"Tashi, uwata. Ni ne fa."

"Ka wuce, Abba," ta ce. "Mummy ta ce wucewa kake yi. In ban kalle ka ba, I won't cry."

Abdussalam ya ɗago ya dubi matarsa. Yarinyar ta miƙo hannu ta baya tana laluben zanen uwarta, ta damƙe shi gam. Abin da Khaulah ta yi wata da watanni tana so ke nan, ga shi ta samu, ta rasa inda za ta sa idonta.