Kwalin Inna da Kujerar Marigayi

Tun da Inna take, bakinta bai taɓa iya cewa a'a ba. Lokacin da maigidanta mai gyaran rediyo yake da rai, abin bai dame ta ba. In maƙwabciya ta shigo aro, sai Inna ta ce, "Bari in ji ta bakin maigidan." Shi kuma daga kan kujerarsa, ko kai ba ya ɗagowa, gyaran murya guda zai yi, mai aro ta ja takalmanta ta fice.

Da ya rasu, sai kayan gidan suka yi ƙafa. Tsani ya fita bai dawo ba. Dutsen guga ya bi sawunsa. Wata ta ari murfin tukunya, washegari ta dawo ta ce murfin ya kasa zama shi kaɗai, Inna ta miƙa mata tukunyar. Kujerar nan ce kawai ba a taɓa ba, mai lotsawa a tsakiya daidai zamansa, da ƙunar dalma a hannun dama. Kullum da safe Inna takan goge ta, ta ba ta labarin unguwa.

Rannan Auta, 'yarta mai aikin ofis, ta zo ta tarar da ita tana shan shayi a ludayi.

"Inna, ina kofuna?"

"Suna gidan mai kitso, ta yi baƙi."

"Tun yaushe?"

"Ina jin baƙin ma sun hayayyafa."

Auta ta ajiye jaka. Ta ce a wurin aikinsu an koya musu kowa ya rubuta manufar rayuwarsa, magana guda wadda zai riƙa dubawa tana yi masa jagora. Ta yago kwalin sabulu, ta ciro biro.

"Faɗi in rubuta. Me kike so a duniya?"

"Rubuta: ina so in zauna lafiya da kowa."

"Zaman lafiyar ne ya cinye miki kofuna."

"To rubuta: Allah ya sa mu gama lafiya."

"Wannan addu'a ce, Inna."

"To fara da gaisuwa mana. Ki ce ina gaida duk mai karantawa da iyalinsa."

"Ba wasiƙa ba ce!"

Har shayin ludayi ya huce suna ja-in-ja. Daga ƙarshe suka tsaya a kan: ABIN DA BA NA SON BAYARWA, ZAN CE A'A. Inna ta ce maganar ta yi tsauri, sai da aka ƙara "don Allah ku yi haƙuri" a ƙasa. Suka yi gwaji, Auta ta fita ta yi sallama a matsayin mai aro, ta koma gida da mayafin Inna a jaka.

An rataye kwalin a bakin ƙofa. Washegari mai kitso ta shigo, ta karanta, ta dafa ƙirji.

"Kai, Inna, magana ta yi! Ara mini in kai wa maigidana ya gani."

Inna ta ciro mata, har da ƙusar.

Ba a yi mako ba sai ga ƙanin marigayi, da ɗan dako a bayansa.

"Matar Yaya, bayana ne ya matsa mini. Likita ya ce in nemi kujerar katako. Na ce ga ta Yaya can tana zaman banza."

Inna ta waiga bakin ƙofa, babu kwali sai ramin ƙusa. Ta buɗe baki za ta ce a'a. Abin da ya fito shi ne, "Sannu da ciwo." Amma ƙafafunta sun fi bakinta zuciya. Suka kai ta kan kujerar, ta zauna daram, ta riƙe hannuwan kujerar biyu.

Ya tambaye ta lafiyar yara, ta amsa. Ya duba agogo, ta tambaye shi lafiyar nasa yaran, ɗaya bayan ɗaya, har da na maƙwabtansa. Ɗan dako ya jingina da bango ya yi gyangyaɗi ya farka.

"Matar Yaya, ɗan tashi mana."

"To," in ji Inna, ta ƙara gyara zama.

"Maigida," in ji ɗan dako, "ina da wani aikin. Mu ɗauka haka, in ta ji iska za ta sauka."

Suka ciccibe ta. Inna tana sama tana lilo, ɗankwali ya zame, ta wuce tsakar gida, ta wuce igiyar shanya. Da ta ga ƙafar kujerar ta leƙa titi, inda marigayi bai taɓa barin a kai ta ba, sai abin ya ɓalle.

"A'A!"

Tattabarun kan rufi suka watse. Mai kitso ta leƙo ta katanga da kofin Inna a hannu.

"Matar Yaya, me kika ce?"

"Ka ji ai. Ta Yayanka ce, kuma ina so. Don Allah ka yi haƙuri."

Suka dire ta a bakin ƙofa. Ƙanin marigayi ya share zufa yana haki, ya ce shi ke nan, ta sauka su mayar.

"Ƙafafuna sun mutu. Yadda kuka fito da ni, haka za ku shiga da ni."

Suka sake ciccibarta.

"A hankali, mai ciwon baya. Ba nan ba. Kusa da taga, inda haske yake."