Wutsiyar Kyanwar Hure

A bangon ɗakin cin abinci na gidan Kumandan, a Dogon Dutsi, akwai hoton wata kyanwa dabbare-dabbare tana lasar ƙafarta. Wutsiyarta dungulmi ce, ba ta fi goro ba. Gado kuku ya sha ganin Madam, matar Kumandan, tsaye gaban hoton har shayinta ya huce. Ta taɓa gaya masa da guntuwar Hausarta cewa daga wata ƙasa wai ita Japon aka kawo shi, kuma ba da alƙalami aka zana ba. Katako ake sassaƙawa, a shafa masa tawada, a danna takarda a kai, kowane launi da katakonsa. Ta ce duk duniya ba kyanwar da ta kai wannan kyau.

A shekarar ne aka rubuta sunan Rabo, ƙanen Gado, cikin masu aikin tilas na hanyar Dosso. Rabo kuwa tari ya cinye masa ƙirji, in ya tafi da wuya ya dawo. Gado ya san kalma ɗaya ta Madam ta isa a goge suna, amma ba a zuwa roƙo hannu rabbana.

A gidansa akwai kyanwar Hure, 'yarsu da ƙyanda ta ɗauke a bara. Matarsa Ma'u ko fura ta dama sai ta zuba wa kyanwar. Ranar kasuwa, da Ma'u ta fita, Gado ya ɗauki wuƙar nama ya zagaya bayan rumbu da kyanwar. Ya shafa toka a raunin wutsiyar, ya rufe ta cikin kwando.

Madam ta buɗe kwandon, ta ga jini, ta dafe baki. Hausarta ta ƙare, sai da aka kira tafinta. Shi ya faɗa wa Gado, idonsa a ƙasa, cewa kyanwoyin can haka ake haihuwarsu, ba mai yanke musu komai. Madam ta tambayi abin da yake so. Gado ya buɗe baki, sunan Rabo ya ƙi fitowa. Ya ce ba komai.

A gida ya gaya wa Ma'u duk yadda aka yi. Ta dafa ruwa, ta ɗora kyanwar a cinya tana wanke tokar.

Rabo ya leƙo, tabarmarsa a naɗe.

"Yaya, an dace?"

"Gobe zan yi mata magana," in ji Gado.

Su ukun sun san da asuba za a tashi da su Rabo.