Allura Tana Rawa

Injiniya yana goge gilashin mita da gefen rigarsa sai wayarsa ta sake ruri. Matar yayansa ce, karo na huɗu tun safe. Ya kife wayar a kan tebur. Shekara uku ke nan ba ya ga maciji da yayan nasa, kan wata katangar gida da ba ta taka kara ta karya ba. Kullum yana niyyar zuwa su shirya, kullum girman kai yana ce masa a bari sai jibi.

Aikinsa a ɗakin injin gidan rediyo sa ido ne kawai. Injin yana fitar da wata igiya da kunne ba ya ji, muryar mai magana ta hau kanta kamar kaya a bayan jaki, tana kumbura ta tana tsuke ta, har cikin rediyon mutane. In allurar mita tana rawa, murya tana tafiya. Shi ya sa masu wannan aiki ba sauraro suke ba, kallo suke. Shi kam ya daɗe da murɗe lasifikar ɗakin, wai surutu yana hana shi jin kukan inji.

Da la'asar direban da ke kawo man janareto ya leƙo, ya yi turus.

"Ashe kana nan? Na ɗauka kana asibiti."

Direban ya gaya masa tun hantsi ake karanta sanarwa, har sau uku, cewa yayansa yana kwance rai a hannun Allah, yana neman ƙanensa. Sau uku ke nan Injiniya yana zaune yana kallon allura tana rawa, yana jin daɗin yadda murya ke fita tas.

Da ya isa asibitin, ya iske an riga an yaye zanen gadon. Matar yayan tana zaune a benci, da ƙaramin rediyo a cinyarta. Ba ta yi masa faɗa ba, shi kuwa da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Nadama ta hana shi ko zama.

Ta ce shawarar sanarwar ta marigayin ce. In ƙanensa ya ƙi ɗaukar waya, ai sanarwar rediyo ba za ta wuce shi ba, tunda ta hannunsa take bi.

"Da aka karanta ta farko, ya ce in gyara maka kujera. Ta biyu, ya ce wataƙila mota ka rasa."

"Ta ukun fa, Yaya?"

"Cewa ya yi in kashe rediyon."